Waƙar da Aka Ɗora wa Arley

Litinin, 6 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya na rana

Kai da ka buɗe littafin da ba naka ba, tunda ka riga ka buɗe, amsa min: ka taɓa tsayawa jiran bas, bas ɗin ya iso da fuskar uwarka a jikinsa? Ba 'yar ƙaramar fuska ba. Daga taga har taya. Baki a buɗe, ido a rufe, duk inda direba ya tsaya ƙofa ta raba mata kumatu gida biyu mutane su shige. In ba ka taɓa ba, rufe ka mayar inda ka ɗauko. Ni da abin ya same ni ma ban san ko murna zan yi ko jifa ba.

Ban shiga ba. Na bar shi ya wuce, na jira na bayansa, na makara wurin aiki. Don Rubiel, mai ma'ajiyar tsofaffin takardun da nake tantancewa, ya ce, "Farfesa, yau kuma wane littafi ne ya riƙe ka?" Na ce uwata ce ta wuce ni a titi ba ta tsaya ba. Ya ɗauka rashin kunyata ce ta kullum.

Bikin finafinan gaskiya ne ya zagayo. Duk shekara haka: tutoci a tsakiyar Cali, baƙi daga ƙasashe talatin da kati a wuya suna yawon neman inuwa. Ba 'yan wasa, ba ƙirƙira, wai duk abin da ka gani a allo ya faru. Shekara shida ina zuwa waɗanda ake nunawa kyauta, layin baya. Bana kuwa har da namu. Jimena, wata 'yar Bogotá, ta yi shekara biyu tana bin Mama da kyamara daga gidan makoki zuwa gidan makoki. Mama alabao take rerawa, waƙar raka mamaci, tun muna bakin kogi a Timbiquí har muka dawo unguwar Aguablanca a nan Cali. Ba a rufe babban mutum a unguwarmu sai an aiko wa Doña Nemesia, wato Mama.

Alhamis 23 ga wata za a nuna. Ƙarfe huɗu.

Laraba, 8 ga Oktoba, shida na yamma

Mama ta kai yadi wajen tela. Ruwan ɗorawa! Matar da tun tasowata ban san ta da wani launi ba sai fari da baƙi. Tía Chava, ƙanwarta, ta dawo daga tallan chontaduro, dafaffun 'ya'yan wata irin kwakwa, ta tarar da ita tana gwada takalmi a tsakar ɗaki.

"Nemesia, aure za ki yi ba mu da labari?"

"In na samu mai haƙora zan yi."

"A cikin Turawan nan? Sai dai mai kyamara, ya ɗauke ki kina minshari ya kai gasa."

Mama ta yi dariya har da riƙe kujera. Sai ta ɗaga kai ta dubi hoton da ke saman talabijin.

"Ƙasa talatin, Chava. Talatin za a ga ɗana. Ko a jirgin ruwa yake aiki, ko a kurkukun wani gari yake, wani zai ce ai na san wannan."

Don haka ta yarda da fim ɗin tun farko. Arley, yayana. Shekara uku da wata huɗu da ɓacewarsa. Ya koma Timbiquí gyaran injin kwale-kwale, an ga ya shiga wani da wasu mutane, shi ke nan. Fadan cocinmu ya yi mata magana, 'yan amshinta sun yi: a yi masa makokin kwana tara ko babu gawa, yadda wasu suka yi wa nasu. Ta ce, "Ku kawo min shi a kwance in rera. In ba haka ba ku bar min ɗana a tsaye." Wanda aka rera wa alabao da ransa an toshe masa hanyar gida, haka uwarta ta koya mata. Sharaɗi ɗaya ta kafa wa Jimena: a fim ɗin nan, Arley nemansa ake yi.

Ni na karanta mata takardar da ta dangwala wa yatsa. Shafi uku. Da ƙarfi na karanta, har ƙananan rubutun ƙasa, ina ji da kaina. A aji huɗu na bar makaranta, amma littattafan da masu kuɗin Cali suka zubar Don Rubiel ya saya a sikeli, ni nake karanta su kafin a niƙa. Na ce mata, "Babu matsala, Mama." Ni na ce.

Juma'a, 10 ga Oktoba, biyu na rana

Jimena ta kira. Wai mu zo gobe mu gani kafin jama'a. Mama tana da makoki a wata unguwa. Ta ce, "Kai ne idona, je ka gano min."

Asabar, 11 ga Oktoba, biyar na yamma

Na gani.

Asabar ɗin dai, bakwai saura

Ban ci abinci ba. Na ce cikina ne.

Lahadi, 12 ga Oktoba, tara na safe, sun tafi coci

Wani ƙaramin ɗaki ne mai sanyi kamar firij. Ni, Jimena, da Bastien, Baturen da ya tace fim ɗin, mai gemu da takalmin roba. Sun ba ni kofi a kofin da ba shi da hannu.

Minti arba'in na farko, ba zan yi ƙarya ba, ya yi kyau. Wannan ne ma ya fi ba ni haushi. Hannun Mama tana goga kwakwa. Mama tana faɗa da mai kifi. Mama tana koya wa matan unguwa inda ake jan numfashi. Na ga uwata yadda ban taɓa tsayawa na gan ta ba, har na manta da kofin a hannuna.

Sai minti na arba'in da biyu. Kyandir, bango shuɗi. Na san bangon nan, ni na kwaso kujerun da aka jingina da shi. Makokin Don Cleofás ne, maƙwabcinmu kafinta, ya shekara tamanin da tara ya mutu a gadonsa cikin jikoki. Mama a tsaye tana rera masa. To amma ina akwatin gawar? Sun yanke. Ina matarsa? Sun yanke. Sun bar kyandir da fuskar Mama, sannan a hankali, a hankali, hoton saman talabijin ɗinmu ya taso ya cika allon. Arley da hularsa a karkace. Waƙar ta ci gaba a kansa har ta ƙare. Duhu. Sunaye.

Kafin wannan akwai minti na arba'in da ɗaya. Ba maganarsa nake yi ba.

Na miƙe na ce, "Wannan makokin Don Cleofás ne."

Bastien ya gyaɗa kai kamar na ci jarrabawa. Wai sun sani. Wai wata takwas fim ɗin ba shi da ƙarshe, sai ranar da ya haɗa waƙar da hoton, ya zauna shi kaɗai ya yi kuka.

Na ce, "Allah ya ƙara maka hawaye. Ka san me ka yi? Ka sa mata ta binne ɗanta."

Jimena ta ce, "Leider, babu inda muka rubuta ya mutu." Sai ta dube ni. Kallo kawai.

Na ɗauki hulata.

Talata, 14 ga Oktoba, bakwai na yamma

Na shirya maganar tun a bas. Na shigo, tana zuba miyar kifi.

"To, idona, ka yi shiru tun Asabar. Ya na fito?"

"Kin fito da kyau, Mama."

"Arley fa?"

"Ya fito."

"Babba? Ana gane shi?"

"Ya cika allon."

Ta yi alamar gicciye, ta tsamo kan kifin ta sa min. Kan kifi rabon Arley ne a gidan nan.

Ko ɗaya a ciki babu ƙarya. Na duba sau uku. Babu.

Laraba, 15 ga Oktoba, azahar

Littafin koyon gyaran firij, rabin ƙamus, tarihin wani yaƙi da ɓera ya cinye ƙarshensa. Na riƙe shafi ɗaya awa guda.

Alhamis, 16 ga Oktoba, biyar na yamma

Na roƙi Don Rubiel rabin rana na je ofishin bikin. Wani mai kati a wuya, murmushinsa har kunne, ya ce su ba sa taɓa fim, nunawa kawai suke yi, an riga an rufe kwafin, an buga jadawali. Ya miƙo min jakar yadi mai tambarin bikin. Na ce ya zuba murmushin a ciki ya kai gida.

A bakin titi na kira Jimena. Na rubuta yadda aka yi don kada gobe in gyara wa kaina.

Na ce ta cire waƙar, ko ta cire hoton, ɗaya.

Ta ce an riga an nuna sau biyu a Turai. Wata tsohuwa da nata ɗan ya ɓace a wata ƙasa ta riƙe mata hannu ta ƙi saki. Ta ce akwai gaskiyar kalanda, akwai gaskiyar zuciya.

Na ce, "Zuciyar wa? Mai zuciyar tana gida tana jiran tela. Kun rubuta finafinan gaskiya a jikin bas, ashe gaskiyar ma yanka-yanka kuke sayarwa kamar kankana."

Ta ce tana ƙaunar Doña Nemesia kamar uwarta. Na yarda, shi ne abin. Ta ci a kwanonmu, ta riƙe wa Mama jaka a asibiti. Ban san inda zan ajiye wannan ba.

Sai ta ce, "In na cire waƙar, minti na arba'in da ɗaya fa? Shi ma in cire? Ni na sa maka maganar a baki?"

Wayar ta katse. Ni na katse.

Asabar, 18 ga Oktoba, goma na safe

Mama ta ce baƙi suna mantuwa, a ba su abin da za su tafi da shi. Ta sa na rubuta takarda: hoton Arley, tsawonsa, tabon gwiwar hannunsa, lambar wayata. Da yarenmu da Turanci. Turancin waya ce ta taimaka min. Kwafi ɗari biyu.

Ta shafa ta sama da tafin hannu ta ce, "Ka rubuta yana son dariya?"

Na ce ba a rubuta wannan.

Ta ce, "To da me za su gane shi?"

Na ƙara da biro. Ɗari biyu. Hannuna ya sage.

Lahadi, 19 ga Oktoba, yamma

Na ce mata zauren yana da matakala sittin, gwiwarta ba za ta iya ba. Ta ce ta hau tudun maƙabarta da ya fi haka. Na ce sanyin ciki zai kama mata murya. Ta ce ba rerawa za ta je yi ba. Ta gayyaci 'yan amshinta duka, su goma sha biyu, an yi maganar ƙaramar bas.

Litinin, 20 ga Oktoba, shida na yamma

Na bi ta wajen teburin Tía Chava. Ta ɓare min chontaduro biyu, gishiri da zuma, ba ta tambaye ni ba. Ta ce, "Fuskar nan taka tana kore min ciniki. Faɗi."

Na faɗa mata na waƙar da hoton. Wuƙar ta tsaya a hannunta.

"Ta Cleofás? Wadda tun yana da rai ya ce a rera masa in ya mutu?"

"Ita."

"Budurwa Maryamu. To ka faɗa wa uwarka mana!"

"Ke ki faɗa mata, ƙanwarta ce ke."

"Ni? Ina da sauran shekarun da nake son in ci, ɗan nan. Kai ne mai baki. Kai da ka zagi ɗan sanda a gaban coci. Farfesan bola, duk littattafan nan babu wanda ya koya maka buɗe baki a cikin gida?"

Ta sallami wani mai babur, ta dawo ta ƙura min ido.

"Akwai saura, ko?"

Na ce gishirin ya yi yawa.

Ta goge wuƙar a zaninta ta daɗe tana gogewa. Sai ta ce, ƙasa-ƙasa, ita shekara biyu ke nan duk ranar tunawa da matattu tana kunna wa Arley kyandir a wani cocin da ba a san ta ba. "In ka faɗa mata, na ce ƙarya kake."

To mu nawa ne a gidan nan? Kowa da kyandirinsa a ɓoye, muna zaune muna tsame wa juna kan kifi?

Talata, 21 ga Oktoba, shida na safe

Bari in rubuta.

Minti na arba'in da ɗaya ruwa ne. Ruwan magudanar bayan unguwa, leda tana wucewa a kai. Babu fuskar kowa. Murya ce kawai, tawa.

Shekara biyu da suka wuce ne. An gama ɗaukar ranar, na raka Jimena bakin titi, muka tsaya a kan gada. Kyamarar tana hannunta tana kallon ƙasa. Ta ce, "Kai fa, Leider? Kowa na tambaya ban da kai." Tun da abin ya faru babu wanda ya taɓa ce min kai fa. Sai na ji bakina ya ce, "Arley ya mutu tun ranar. Kowa ya sani, Mama ce kaɗai ba ta sani ba."

Abin da aka faɗa min a tashar kwale-kwale lokacin da na je nemansa, ba zan rubuta ba. Wanda ya faɗa a buge yake. Ko kuma sai da ya bugu ya iya faɗa. Ban ga komai da idona ba. Wata rana na yarda, wata rana in ga ƙeyar wani a kasuwa in bi shi layi uku.

Ban ga jan wutar kyamarar ba.

Na gani.

Shafi na biyu, layi na tara: duk abin da aka ɗauka, hoto ko murya. Ni na karanta shi da ƙarfi.

Laraba, 22 ga Oktoba, bakwai na yamma

Rigar ta iso. Ta yi mata kyau. Na buɗe baki, ta ce in zuge mata zif.

Alhamis, 23 ga Oktoba, ɗaya na rana

Bas tana waje. Takardun suna jakarta. Yanzu ma zan iya. Yanzu ma.

Juma'a, 24 ga Oktoba, takwas na safe, ban je aiki ba

Kujera ɗari huɗu, babu ko ɗaya a sake. Mu aka ba layin gaba: Mama, ni a damanta, Tía Chava a hagunta, sai matan goma sha biyu da hulunansu. Jimena ta zo ta durƙusa ta sumbaci hannun Mama. Ni ba ta dube ni ba.

Aka kashe wuta. Matan nan ba su san ana shiru a silima ba, kuma wa zai faɗa musu?

"Nemesia, ashe haka hancinki yake!"

"Ga tukunyata can! Wata shida ina nemanta!"

"Yi shiru, Petrona, ana jin ki har Turai."

Zauren ya yi ta dariya tare da su. Mama ta rufe baki da hankici kafaɗunta suna rawa. Ni ina kallon agogon waya a tsakanin gwiwoyina.

Sai ruwa. Sai leda. Sai ni.

Ban san muryata tana da girma haka ba. Ta fito ta gaba, ta baya, ta sama. Ga ta kuma a rubuce da Turanci a ƙasan allo, don kada wani ya rasa. Mama ba ta juyo ba. Hankicin ya sauka kan cinyarta, shi ke nan.

Sai kyandir, sai bango shuɗi. Mamar allo ta ja numfashi ta jefa baitin farko.

Abin da ban lura da shi ba a ɗakin sanyi: Bastien ya shafe amshin. Ya bar muryarta ita kaɗai, wai ta fi taɓa zuciya. Baitin ya fita ya rataye a iska, babu mai karɓa. Alabao kuwa ba a barinsa a rataye. Wanda ya tashi a bakin kogi ya san wannan tun kafin ya san sunansa. Doña Petrona, babbarsu, ita ta fara karɓa, daga kujerarta. Sai ta kusa da ita. Sai duka goma sha biyun, da Tía Chava. Sun gane bangon, sun san ta Cleofás ce, sun taɓa amsa ta a gidansa.

Suna tsakiyar amshi na biyu hoton ya fara tasowa.

Na ji muryoyin sun girgiza. Wata ta ce "Yesu!" Amma ba a yanke alabao a tsakiya. Suka ci gaba, suna kuka suna amsawa, Arley yana girma a kansu da hularsa a karkace, Mamar allo tana jefawa suna karɓa, har ƙarshe. Bakin mutum ɗaya ne a rufe a layin nan, na Mama. Biyu, da nawa.

Aka kunna wuta. Mutum ɗari huɗu suka miƙe suna tafi. Sun ɗauka shiri ne! Wani Bature a bayana yana share ido yana cewa bai taɓa ganin irin wannan ba a duk bukukuwan da ya je. Na so in juya in ce ni ma.

Aka zo tambaya da amsa. Wani ya tambayi irin kyamarar. Wata ta tambayi yadda aka samu hasken kyandir. Jimena ta amsa, sannan ta ce a tafa wa Doña Nemesia ta hau. Aka tafa. Mama ba ta tashi ba. Mai gabatarwa ya dubi agogo ya ce lokaci ya yi, akwai fim na gaba, na wasu makiyaya a wata ƙasa mai ƙanƙara.

Ni fa? Mai bakin da ya zagi ɗan sanda? Makirufo ya wuce ta gabana sau biyu.

Muka hau bas. Mun kusa unguwa Mama ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Muryarka ce, Leider?"

"Eh, Mama."

"Wa ya faɗa maka?"

Na kalli taga. Ba ta sake tambaya ba.

Takardun suna jakarta, ɗari biyu cif.

Juma'a ɗin dai, huɗu na yamma

Ta dafa abinci. Ta zuba min. Ba ta zauna ba.

Asabar, 25 ga Oktoba, biyar na yamma

Matan sun zo tun hantsi, suka cika falo. Ni ina kicin, labule ne kawai tsakaninmu.

Doña Petrona ta ce an jefa, an karɓa, a gaban fuskarsa, a gaban shaidu ɗari huɗu. An fara masa ke nan. Abin da aka fara kuwa in ba a cika shi kwana tara ba, an bar yaro a tsakiyar hanya, ba nan ba can.

Wata ta ce inji ne ya rera, inji ba ya raka kowa.

Doña Petrona ta ce, "Bakunanmu fa? Su ma da batir suke aiki?"

Tía Chava tana kuka tana cewa, "Yaya, bakina ne ya amsa, ba ni ba, na rantse." Wata ta ce a tambayi fada. Wata ta ce fada ɗan kan tudu ne, me ya sani a waƙar kogi. Aka kaure. Har aka dawo kan maganar tukunya.

Sai Mama ta yi magana, karon farko tun shekaranjiya.

"Waƙar da na rera ta Cleofás ce. Ban taɓa rera wa ɗana ba. A gaban jama'a aka ɗauke ta aka ɗora masa, a gaban jama'a za a sauke. Gobe za su sake nunawa. In yarinyar nan ta tsaya ta faɗi mai waƙar da bakinta, ta koma wa mai ita, amshinku ya bi ta. In ba ta faɗa ba, Litinin ku zo da kyandir."

Ta aiki Tía Chava ta ciro farin ƙyallen da ake shimfiɗawa a teburin kwana tara daga ƙasan akwati. Ba ta shimfiɗa ba. Ta ajiye shi a ninke a kan kujera.

Na kira Jimena sau bakwai. Saƙo ya shigo: tana tare da mu a zuciya, shekaranjiya abin ya fi ƙarfinta, mu zauna mu sha kofi bayan biki.

Bayan biki Litinin ce.

Lahadi, 26 ga Oktoba, bakwai na safe

Ban san wanne nake so ba. In ta faɗa, Mama ta koma jira, ni na koma bin ƙeyar mutane a kasuwa. In ba ta faɗa ba, a yi kwana tara, a huta. Amma Bastien ne zai zaɓar mana ranar? Don fim ɗinsa ba shi da ƙarshe?

In kuma yana da rai?

Lahadi ɗin dai, biyu na rana

'Yan kallo sun zaɓi fim ɗin, shi zai rufe bikin. Ƙarfe huɗu, zaure ɗaya. Mama ba za ta je ba. Tana zaune kusa da ƙyallen da baƙar rigarta ta kullum. Ta ce, "Je ka jiyo min." Ba ta ce idona ba.

Akwai tambayar da take jirana a gidan nan, tawa ce, ba zan ɗora wa kowa ba. In na dawo zan zauna a gabanta in faɗi abin da aka faɗa min da wanda ya faɗa, ta yi da shi yadda ta ga dama.

Amma ke, Jimena, taki daban. Zan zauna a layin gaba. In aka kunna wuta zan miƙe, kuma ba zan zauna ba, ko sun ba ni makirufo ko sun hana, ko mai agogo ya zo da 'yan sanda. Ba na son kofi. Ba na son gaskiyar zuciya. Ba a waya ba, ba a bayan labule ba. A kan dandamali, a lasifika, tafinta yana juya wa baƙinki kalma-kalma, yadda aka juya musu tawa.

Minti na arba'in da biyu, bango shuɗi. Makokin wa ne? Wa ke cikin akwatin da kuka yanke?

Kin san sunansa, kin ci abinci a gidansa ranar. Tashi ki faɗa wa mutane.